Jan Biro a Babban Yatsan Kaka

Jiya na shiga Babbar Kasuwa sayen jan biro na duba takardun ɗalibaina. Da na gwada shi a bayan hannu, kamar yadda kowa ke yi, sai tawadar ta ɗan malale a fata. Na tsaya ina kallonta har mai shagon ya ce, "Malama, lafiya?" Lafiya ƙalau. Babban yatsan kakata na tuna, da wata mata da ta baro ƙasarsu ta zo Katsina don ta koya mana lissafi.

Mu Hausawa ne Kirista, asalinmu ƙauyukan kudancin jihar nan, muna haya a gidan wata Hajiya mai waina a Ƙofar Kwaya. Babana direban babbar mota ne, in ya yi kudu sai a yi wata biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. Ragamar gida tana hannun Kaka, wato mahaifiyarsa. Ni kuwa 'yar fari ce, kuma in ka tashi a irin gidanmu ka san abin da hakan ke nufi. Mahaifiyata ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta yabona, ba ta shiga maganata a gaban mutane. In tana son aikena sai ta ce, "Ke, wance." Kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani, amma ba zan ɓoye maka ba, wani lokacin abin yana sosa mini rai.

Malamar tamu 'yar mishan ce daga Koriya, cocinsu ne ya aiko ta makarantar cocinmu. Yaran unguwa suna bin ta da "'yar Chana", ta yi ta gyara musu har ta gaji ta bari. Katsina ta ba ta wuya. Da bazara ƙurajen zafi suka feso mata a wuya, da damina zazzaɓin sauro ya yi ta kayar da ita, tuwon dawa kuma sai ta runtse ido take haɗiye shi. Hausarta ta littafi ce, tsaf-tsaf, ba gishiri. A cikin Littafi Mai Tsarki nata akwai hoton mahaifiyarta. Ta taɓa gaya mana ita ma 'yar fari ce, kuma ranar da za ta taho sai da aka ɓamɓare tsohuwar daga jikinta a filin jirgi.

Muna aji shida aka kawo takardar jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata. Sai wani babba na gida ya sa hannu, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa. Kawuna kuwa ya riga ya aiko cewa da na gama firamare in koma ƙauye in taya matarsa aikin gona. Takardar nan ce kaɗai ta tsaya tsakanina da fartanya.

Ran Litinin da yamma sai ga Malama a gidanmu, riƙe da takardar. Kaka na zaune a tabarma bakin ƙofar ɗakinta, Malama ta jefa mata "sannu" guda ɗaya ta wuce, takalmi a ƙafa, kai tsaye wurin mahaifiyata da ke tankaɗe. Ta kama sunana raɗau, ta ce duk ajin ba mai kaina, ta ce lallai uwa ta yi alfahari da irin wannan 'ya. A gaban suruka fa! Mahaifiyata ta ja gyale ta rufe fuska.

"Ni ba ruwana da ita," ta ce, ta shige ɗaki.

Na ga fuskar Malama ta yi ja, idonta ya ciko. Ta juya ta ce da Kaka in ba a so na a gidan nan, ita za ta ɗauke ni ta riƙe. Kaka ta tofar da goron bakinta a hankali.

"Mi ta ce? Mu ne ba mu iya riƙon ɗiya ba? Ta tahi da takardarta."

Ranar ban ci abinci ba. Na ji haushin Malama, na ji haushin Kaka, na ji haushin kunyar kanta.

Hajiya mai gidanmu ce ta gyara ɓarnar. Duk abin da aka yi a kunnenta aka yi shi. Washegari ta tare Malama a bakin tanda, ta zaunar da ita a benci, ta zuba mata waina, ta warware mata zancen tun daga tushe: matar da ta ce ba ruwanta, ita ce ke tashi da asuba ta goge mini kayan makaranta, kuma maganar 'yar fari a wurin tsohuwa ake nemanta.

Da la'asar Malama ta dawo. Ta tuɓe takalmi tun daga zaure, ta durƙusa har ƙasa gaban Kaka, ta fara: ina wuni, ina gajiya, yaya zafi, yaya ƙafa, yaya jikoki, ina labarin mai tafiya. Ta ajiye goro, ta yi sallama ta tafi, ba ta ko ambaci takarda ba. Laraba ma haka. Ni ina laɓe a bayan randa kamar in yi ihu, ga Juma'a tana matsowa, su kuwa suna ta zancen ciwon gwiwa.

Ran Alhamis, bayan an gama gaisuwa, Kaka ta dubi Malama.

"Ke, uwarki na da rai?"

Malama ta ciro hoton ta miƙa mata. Kaka ta kai shi kusa da ido, ta jinjina kai. "Kin baro wagga tsohuwa don ɗiyan wasu? To, ina takardar ƙawar tawa? Kawo, kahin in sake shawara."

Kaka ba ta rubutu, kuma ba a zo da tawadar dangwale ba. Malama ta zaro jan bironta, ta riƙe babban yatsan tsohuwar, ta yi ta goga masa tawada har ya rine, Kaka na cewa a yi a hankali kada a huda ta. Ta dangwala. Daga cikin ɗakin mahaifiyata aka turo ƙanena da fura a kwanon da ba a taɓa fitarwa sai Kirsimeti.

Ranar da sakamako ya fito, an ce da gudu Malama ta ratso unguwa. Amma da ta iso zaure sai ta tsaya, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa tana haki, ta yi gaisuwar nan tun daga farko har ƙarshe, takardar sakamakon a hannunta. Sai da Kaka ta gaji ta ce, "Ke, hwaɗi mana!" Na ci, kuma ni ce ta ɗaya a makarantarmu. Kaka ta rangaɗa guɗa, Hajiya ta amsa daga bakin tanda. Mahaifiyata tana daka, ba ta ɗago kai ba, sai dai na ga tana cilla taɓarya sama tana tafa hannu kafin ta cafe. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Malama ta yi shekaru tare da mu kafin ta koma jinyar mahaifiyarta. Kaka ta rasu, kawuna kuma ya sami wasu masu riƙe masa fartanya. Yanzu ina ganin iyayen ɗalibaina suna rungume 'ya'yansu na fari a bakin makaranta, suna kiran sunansu da ƙarfi, kuma ba na ganin laifinsu. Mahaifiyata dai har yau ba ta kama sunana ba. Amma tun ranar da na fara koyarwa ta daina cewa "wance". Ko a gaban wa, da muryar da duk gida za a ji, sai ta ce, "Ku shimfiɗa tabarma, Malama ta dawo."