Akuyar Inna da baƙo mai kaki

Ina shara a tsakar gida na ji sallama. Ɗaga kan da za ni yi, sai ga mutum cikin kakin soja a bakin ƙofa. Wallahi tsintsiyar faɗuwa ta yi daga hannuna.

Ba mu daɗe da tasowa daga Gatawa ba. Mun kama haya a cikin gari kusa da bariki, don mu samu barci. Amma can wajenmu, masu kwashe mutane ma kaki suke sawa.

Kafin in amsa, Inna, mahaifiyata, ta kwance akuyar da ta rage mana, ta miƙa mashi igiya.

"Ɗauki, yaro. Ka bar min jikokina."

Ya cire hula, ya durƙusa.

"Inna, maƙwabcinku ne. Iyalina ta aiko ni da tuwo, sannunku da zuwa."

Ya aje kwano ya fita. Inna ta jawo ni gefe, murya ƙasa-ƙasa:

"Ya ga yaran fa. Yanzu ya san inda muke."

Jama'a, ku faɗa mani: wanda tsoro ya biyo har bakin bariki, ina kuma zai gudu?