Hajja Gwaji da ta kai mu Kano

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Hausari a Potiskum muka nufi Kano, ni da matar da ke tsare mana shagon ƙungiyarmu ta masu man gyaɗa. Ba yawo ya fitar da mu ba. Ranar Asabar za a zauna a kore ta, ni kuma na ce sai na ji ta bakin masu manhaja tukuna.

Manhajar wayar shago ce ta nuna mata Hajja Gaji ta biya kuɗin jarka biyu. Hajja Gaji tsohuwar mai sayen manmu ce a Fika, sai mai tsaron shagon ta ɗora man a mota ta aika mata. Hajja Gaji kuwa ta ɗauka gudummawar sunan da ake yi a gidanta ce, ta soye shi tas. Banki ya ce ko sisi bai shigo ba, saƙon kuma ya ɓace daga wayar. Mata suka ce haɗa baki aka yi.

Titi zuwa Azare lafiya lau, direba ne dai kamar an aiko shi da wuta. Na ce masa marayu gare ni, ya rage. A Shuwarin na sayi dafaffen ƙwai da tsadar da ta sa na tambayi mai tallan ko kazar digiri gare ta. Abokiyar tafiyata ko ruwa ta ƙi sha. Har gadar Wudil fuskarta na jikin taga.

Ofishin masu manhajar a Kano ɗaki biyu ne a saman bene. Na shiga da faɗana a shirye, sai wata injiniya, sa'ar 'yata ta biyu, ta kawo mana kujeru da kunun aya. Ta saurare mu har ƙarshe ba ta katse mu ba. Ta ce suna da ma'aikacin kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira, wanda ake kira AI, da ke gwada manhaja da saƙonnin biya na ƙarya, ya goge su in ya gama. A wurin gwaji kaɗai ya kamata su tsaya. Ta ce bari ta sa shi ya maimaita a gabanmu.

Wayar shago ta yi ƙara a hannun abokiyata. Na karɓa. Ni da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau harafi-harafi nake bi. Ba Gaji ba ce. Hajja Gwaji aka rubuta, sunan wasa da suka raɗa wa mai sayen ƙarya. Wa zai tsaya neman "w" a garin da kowace unguwa akwai Hajja Gaji?

Injiniyar ba ta kare kanta ba. "Mama, laifinmu ne. Mun bar masa ƙofar shagonku a buɗe."

Nan take ta janye masa izinin taɓa shagunan gaske, ta ce ko a wurin gwajin ma ba zai ƙara aika saƙon biya ba sai mutum ya duba ya amince. Na ce ban iya yarda da baki ba, a sake sa shi. Aka sa shi. Muka zuba wa waya ido, shiru. Kamfanin ya ɗauki asarar man, injiniyar kuma ta naɗa mana bayani da muryarta a waya don matan ƙungiya. Allah Ya yi wa iyayen yarinyar nan albarka.

Da muke dawowa, a Wudil abokiyata ta cinye soyayyen kifi biyu, har da rabin nawa.

Mun iso Potiskum bayan magariba. Abin da na koyo, duk abin da zai iya cewa "an biya", mutum ne ko na'ura, a san wa ya ba shi izini da inda izinin ya tsaya. Ranar Asabar na kunna muryar sau biyu. Wadda ta fi kowa zaƙewa a kan korar ce ta tashi, ta ɗauki makullin shago ta sa wa abokiyata a hannu, ta ce, "Yaya, ki yafe mana."