Jakar da Sharafu Ya Bari a Kujera

Duk mai niyyar fita waje daga Illela, in ya bi ta tasha, sai ya sha wa'azin Malam Sharafuddeen ɗan kamasho, ko yana so ko ba ya so. Sharafu ake ce masa. Zai tare ka ya ce jirgin sama mai araha ko ruwa ba ya bayarwa kyauta, don haka ka sa dabino a aljihu. Tasi kuwa, kada ka shiga sai direba ya maimaita maka sunan inda za ka. In ya zo kan jirgin ƙasa sai ya ce in ka shiga ka zauna, kada ka sauka ko wa ya kira ka. Samari na yi masa dariya, wai tsohon da sau ɗaya tak ya hau jirgi. Rashin sani ne kawai ke damunsu.

Tun yana saurayi yake lodin motocin Ƙonni da Sakkwato. A tasharsu, in mutum ya ajiye jaka a kujera ya yi wa direba magana, shi ke nan, ya kama wuri. Ko salla ya tafi, ko cefane, mota ba ta tashi. Sharafu ya sha tsayawa gaban mota yana zagin direba a kan wata tsohuwa da ta zaga bayi. A wurinsa haka duniya take tafiya.

Da ƙaninsa Abdulƙadir, mai fataucin albasa, ya biya musu Umara shi da matarsa Fiddausi, murna har da hawaye. Fiddausi na da ciwon suga, allura take yi wa kanta, kuma in ta yi dole ta ci abinci. Ranar da za su bar Makka zuwa Madina ta yi allurar, gaggawa ta hana ta karyawa. Suna zama a jirgin ƙasa ta ce masa jikinta na rawa. Sharafu ya ɗora jakarsa a kujera, ya sami wani ma'aikaci a bakin ƙofa, ya nuna masa jakar, ya nuna baki, ya yi masa bayani da Hausa. Mutumin ya yi murmushi. Sharafu ya ɗauka an gama magana, ya sauka neman abinci.

Ya dawo da burodi da madara, ya tarar da layin dogo fayau. Wayar Fiddausi kuma tana aljihunsa, don ita ba ta son riƙe ta.

Hankalinsa ya tashi, ya fita da gudu ya faɗa tasi yana ta cewa Madina, Madina. Tafiya ce mai nisa, ya yi ta da leda a cinya, yana kuka kamar yaro. A tashar Madina ya sami jakarsa a ofis, babu Fiddausi. Sai a nan wani Bahaushe ya gaya masa jirgin yana tsayawa a Jidda. Wallahi ko kusa bai san da wannan ba. Ita kuwa ta yi abin da kowace mace ta Illela za ta yi: mota ta bar mijinki, ki sauka a tsayawar farko ki jira shi.

Washegari ya isa Jidda. Wata mai shara, 'yar Tawa ta Nijar, ita ta gane shi tun kafin ya buɗe baki. Ta kai shi wani benci da ke kallon ƙofar shigowa, ta ce nan ta sami Fiddausi jiya, gumi ya jiƙa mata hijabi, magana na sarƙewa. Ta so ta kama ta su je wurin likita.

"Baba, na yi na yi ta ƙi," in ji matar. "Cewa ta yi, in na tashi nan, Malam ba shi gani na."

Kafin ta nemo masu agaji Fiddausi ta sulale. A asibiti ta cika, ba ta farfaɗo ba.

Sharafu ya zauna a bencin, daidai inda aka nuna masa, ledar burodin na hannunsa. Daga nan ana ganin duk wanda ya shigo.