Audugar Kan Bishiya

Wani siririn sauti ne, zirrr, ya yi ya tsaya, ya sake yi. Ina kicin ina suyar cincin na jiyo shi daga falo. Da farko na ɗauka fitilun da muka naɗa wa bishiyar Kirsimeti ne ke neman ƙonewa, sai na tuna tun safe babu wuta a unguwarmu ta Lokuwa gaba ɗaya. Na ce to ƙwaro ne ya maƙale tsakanin labule da taga. Na kwashe cincin ɗin da ke cikin mai, na zuba wani, sautin bai daina ba. Na goge hannuna a zani na nufi falo.

A ranar ne da yamma matan zumuntarmu ta coci za su zo gidana. Haka muke yi idan Kirsimeti ya matso, muna bin gidajen juna da waƙa da addu'a, mai gida ta ba da zoɓo da abin taɓawa. Ba wadda za ta faɗa da baki, amma kowa na kallon falon kowa. Ni kuwa abin da nake da shi na nunawa shi ne bishiyata. Ta roba ce, ta tsufa, ƙafarta ɗaya ta karye tun tuni, sai dai mu kafa ta a bokitin yashi mu naɗe bokitin da takarda mai walƙiya. Muna rataya mata alewa da biskit da balan-balan, da tauraron kwali a can ƙoli. Dokar gidanmu ita ce kowa yana da rabonsa a jikin bishiyar, amma ba a tsinka sai an dawo daga coci ranar Kirsimeti.

A shekarar na ƙara abu guda. Akwai hoto a kalandar da ke bangon ɗakinmu, na wata bishiya a ƙasar Turawa da dusar ƙanƙara ta kwanta a rassanta. Ni ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, iyakar sanina ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan sama ta yayyaga mana masara. Amma hoton ya shiga raina. Na je kasuwa wurin masu ɗinkin katifa na sayo auduga fara sol, muka zauna da yara muna yagar ta muna shimfiɗawa reshe bayan reshe. Da muka gama na ja da baya na duba, na ce a raina bana kam sai a zo a gani.

Surukata kuwa a ƙarshen daminar nan ta dawo wurinmu. Daga kan duwatsun bayan Michika take. Tun rasuwar mijinta take zaune ita kaɗai, ga ciwon gwiwa, ga rijiyar sai an gangara. Maigidana ya daɗe yana roƙonta kafin ta yarda, shi ma cewa ta yi za ta gwada ta gani. Duk gidan mun san zaman gwaji take yi, kuma babu abin da maigida yake so kamar ta zauna ke nan. Yarenmu ba ɗaya ba ne da ita, Hausa ce kawai ta haɗa mu, tata kuma irin ta tsofaffin kan dutse, mace da namiji duk "ka" da "shi" take ce musu.

Abin da ya fi damunta a gari shi ne hannunta. Ruwa na famfo, niƙa na inji, girki na gas. In ta ɗauki tsintsiya sai in karɓe in ce, Mama ki huta. In ta jawo wake za ta tsince, sai in ce yara za su yi. A ganina girmamawa ce nake yi. Sai ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, hannaye a kan cinya, tana kallon kaji.

Da na ɗaga labulen falo, ita na gani zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, ta jingina da kujera. Ta kifa murfin kwano a gefenta, a kansa mazarinta ke juyawa, siririyar sanda mai dunƙulen yumɓu a gindi da ake kaɗa zare da ita. Ban ma san ta zo da shi ba. Hannun hagu a sama yana sakin auduga, na dama yana murza sandar, yatsunta fari fat da alli. Autata, wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba, tana zaune kusa da ita ta tara sauran audugar a siket.

Bishiyar kuwa tsirara, iyakar inda hannun tsohuwa ya kai. An tsince ta tas yadda ake tsintar auduga a gona, ko zare ɗaya ba a bari ba. Can sama kawai fari ya rage kamar hula.

Ta ɗago kai tana murmushi. Tun zuwanta gidan ban ga fuskarta ta buɗe haka ba.

"'Yata, Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Auduga mai kyau ka samo."

Na ji maganar da kunnena, amma ba ta shiga ba. Idona na kan bishiya, hankalina na kan matan da ke hanya.

"Mama, wa ya ce ki taɓa? Ado ne fa. Nan ba gona ba ce."

Mazarin ya yi tangaɗi ya kwanta a kan murfin. Ta dube ni, ta dubi bishiyar, ta dubi yarinyar. Autata ce ta shiga bayani da sauri. Wai ita ta gaya wa Kaka kowa yana da rabonsa a jikin bishiya. Kaka ta tambaya ina nata, tunda ba ta da haƙorin alewa. Suka duba tare, suka ga a gidan nan kaf ba wanda ya iya kaɗi sai ita, don haka audugar tata ce, ni na saya mata. Da Kaka ta tambaya ko sai ta jira ranar Kirsimeti, yarinyar ta ce ai dokar jira ta yara ce.

Ban gama haɗiye wannan ba na jiyo kiɗan tulu da waƙa a bakin get. Mata suka shigo da sallama, falo ya cika da ƙamshin turare da hayaniyar gaisuwa. Akwai wata a cikinmu mai sayar da atamfa, bakinta ba ya raina abin dariya. Tana zama ta kalli bishiyar ta ce, "Ke, wane wanzami ne ya yi wa bishiyar taki aski ya bar mata tukku?"

Da na ce yara ne, da magana ta wuce. Da na yi dariya kawai na miƙo zoɓo, da ta wuce. Amma kunyar bishiyar ta rufe ni, na nemi inda zan sauke ta, sai na ba da labarin. Falo ya ɗauki dariya. Mai atamfa ta juya wurin surukata, ta rusuna ta ce, "Kaka, sannu da aikin gona. Yaya girbin bana, an samu na kai wa kasuwa?" Wata ta ce a yi maza a ɓoye matasan kujera kafin Kaka ta gano abin da ke cikinsu. Ba mugunta suka yi ba, na san su. Sun gaishe ta da ladabi, har wata ta riƙa juya zaren a hannu tana cewa rabonta da ganin irinsa tun kakarta na da rai. Ni ce na wuce gona da iri. Duk wadda ta shigo a makare sai na sake ba ta labarin daga farko, ina ƙara masa gishiri. A karo na ƙarshe har muryarta na kwaikwaya, da "albarka" ɗinta da "ka" ɗinta.

Ita ma ta ɗan yi dariya, irin wadda mutum ke yi don ya ga kowa na yi. Ta tattara mazarinta da audugar a bakin zani, ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar, ta fita. Muka yi waƙoƙinmu na jaririn da aka kwantar a komin dabbobi don ba a sami masauki ba. Da aka ce uwargida ta rufe da addu'a, na buɗe baki sai hawaye suka zubo. Na ji mata suna cewa amin da ƙarfi, sun ɗauka zurfin ibada ne. Ni na san abin da ya sa ni kuka.

Washegari da na fito sharar safe na tarar audugar ta koma kan bishiya. Ta warware zaren da ta kaɗa, ta bi shi da farce tana tsefewa don ya koma yadda yake. Bai koma ba. Ya yi cuku-cuku, duk lanƙwasa, da ɗan dattin hannu a jiki. Amma ta bi kowane reshe ta ɗora masa nasa, har na ƙasa da sai an durƙusa, da waɗannan gwiwoyin nata.

Na shiga ɗakinta na durƙusa na ce, Mama ki yafe mini, bakina ne ya yi kuskure. Ta ce ba komai, ba komai, tashi. Ba ta dube ni ba, bango take kallo. Na koma kasuwa na ciko kwando da auduga na kawo mata, na ce wannan tata ce. Ta yi godiya har da tafa hannu a hankali, ta tura kwandon ƙarƙashin gado.

Daga ranar ta daina shiga falo. In za ta tsakar gida sai ta zagaya ta ƙofar baya. Abinci a ɗaki, addu'ar safe ma daga ɗakinta take amsa amin. Ni na ɗauka fushi ne, kuma na ga ta isa ta yi. Na gaya wa maigida duk abin da ya faru, ban rage ba. Ya ce in ba ta lokaci. Ya shiga wurinta suka daɗe suna magana da yarensu, ina tsaye a kicin ina jin sautin ba na jin ma'ana. Da ya fito ya ce gida take so ta koma. Wai awakin da ta bar wa maƙwabta sun yi musu yawa, wai jinkar rumbu na bukatar gyara. Da ƙyar ya shawo kanta ta tsaya a yi Kirsimeti.

Ta tsaya. Ta ɗaura zanin ankon da na ɗinka mana, muka tafi coci a keke napep ɗaya, kafaɗarta na gugar tawa. Da muka dawo na raba shinkafa da nama aka kai wa maƙwabtanmu Fulani kamar kullum, yara suka faɗa wa bishiya da tsinka. Autata ta zaɓi biskit mai laushi ta ruga ta kai wa kakarta. Ina jin tsohuwar daga ɗaki tana tambaya, ka tambayi uwarka? Yarinya ta ce e. Ta sake tambaya, shi ya ce ka kawo mini? Maganar ta soke ni. Na ce a raina gugar zana take mini, kuma na cancanta.

Na yi ta neman hanyar da zan sake buɗe zancen. In na shiga da ruwan wanka sai in tsaya ina gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ita kuma sai ta yi ta godiya, godiya mai yawa irin wadda baƙo ke yi. Na yi addu'a Ubangiji ya sanyaya mata zuciya. Ko sau ɗaya ban tambaye ta abin da ke zuciyar ba, don na ɗauka na sani.

Kashegarin Kirsimeti da hantsi maigida ya tsayar da keke a ƙofar gida zai raka ta tasha. Kayanta ƙulli ɗaya ne kamar yadda ta zo. Na haɗa mata cincin da sabulu da man shafawa na gwiwa, sai da maigida ya sa baki ta karɓa. Na durƙusa a gabanta, ta ɗora mini hannu a ka ta daɗe tana sa albarka, rabi da Hausa rabi da yarensu. Na ce Mama, sai yaushe? Ta ce sai yadda Allah ya yi. Maigida bai dube ni ba, ni ma ban iya duban sa ba. Keke ya bi ta gaban shagunan 'yan makaranta ya sha kwana.

Na dawo ɗakinta don in cire zanin gado. Ta share ko'ina, ta naɗe tabarma ta jingine. Na zauna a bakin gadon, zanin a hannuna, na kasa ci gaba. Autata ta shigo ta tsaya a jikin ƙofa tana murza bakin rigarta. Na ce mata Kaka ta yi fushi da ni, amma in ta huce za mu je mu ɗauko ta, kada ta damu.

Ta girgiza kai.

"Ba fushi ta yi ba, Mama. Ta ce kar in faɗa sai ta tafi. Wai kunya take ji, ta yi sata a gidan ɗanta har matan coci duk sun sani, ba za ta iya haɗa ido da su ba." Ta matso ta dafa gwiwata. "Mama, in mutum ya ɗauka an ba shi ne, shi ma sata ce?"