Kwalin Maganin da Ɗan Kawuna Ya Aiko wa Baba

Ni ce na fara nuna wa Baba shafin a wayata. Wannan ban taɓa ɓoye shi ba.

Baba manomi ne a Kucheri, hawan jini ya kama shi shekaru. Duk wata sai na bar keken ɗinkina a Tsafe in shiga mota zuwa Gusau in sayo masa ƙwayoyinsa, ga hanyar ba lafiya, ga magani kullum ƙara tsada yake. Sai ɗan kawuna, wanda ke zaune a Bungudu, ya buɗe shafin sayar da magani a intanet. Yana sa farar riga ya ɗauki bidiyo, mutane na ce masa Dakta. Ni kuwa na san iyakar karatunsa: shara da jera kwalaye a wani kemis a Gusau. Duk da haka na yarda, don ɗan uwa ne, kuma ya ce maganin iri ɗaya ne, daga kamfani yake ɗaukowa kai tsaye. In na tura saƙo, washegari direba ya miƙo mini leda a tashar Tsafe.

Wata huɗu Baba yana sha. Yana ƙorafin ciwon ƙeya da jiri, muna cewa rana ce. Ranar da ake yankan dawa ya faɗi a gona, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki.

A asibiti a Gusau, matar da ke ba da magani ta karɓi kwalin ta juya shi. Ta nuna mini inda aka rubuta sunan maganin da kuskure, ta kankare lambar bayan kwalin ta tura ta waya, amsa ta dawo cewa ba a san ta ba. Ta murƙushe ƙwaya ɗaya da cokali, ta zama gari kamar alli. Ta tambaye ni wa ya sayar mana. Don kunya na karɓi kwalin na fita.

Washegari na tafi Bungudu. Na sami ɗan kawun nawa a zaure yana ɗaure ledoji, wayoyi biyu a gabansa. Na jefa masa kwalin a cinya. Bai ko miƙe ba. Ya ce shi ma saye ya yi daga wani da bai taɓa gani ido da ido ba, kuma mutane da yawa na sha ba abin da ya same su.

"Yaya, ciwo na Allah ne," in ji shi. "Kada ki ɗora mini abin da aka rubuta wa Baba."

"Kai ka san ba ka san abin da ke cikin kwalin nan ba, ka aiko wa mijin gwaggonka," na ce. "Kada ka ƙara kira na Yaya."

Na ɗauke kwalin na kai ƙara ofishin masu kula da magunguna a Gusau. Sun karɓi kwalin, sun rubuta lambar wayar ɗan kawuna, sun ce za su bincika. Kafin su je ya kwashe kayan, ya rufe shafin, ya sauya layi.

Abin da ya fi ƙona mini rai dangi ne. Kawu ya zo har shagona ya ce na tona asirin gida, ina son a ɗaure masa ɗa. Inna da kanta, wadda ke juya Baba a shimfiɗa tana wanke shi, ta roƙe ni in janye don zumunci. Na ƙi. Aka daina gaya mini biki da suna na wajen Bungudu, ni ma ban nema ba.

Baba ya rayu. Yana jan ƙafa da sanda, magana ba ta fita sosai, gonar kuma ƙanensa ke nomawa.

Bara wata mai kawo mini ɗinki ta nuna mini bidiyon wani Dakta mai maganin ciwon suga, tana tambaya ko in taya ta yin oda wa mahaifiyarta. Shi ne, da sabon suna, ya tara gemu. Na karɓi wayar na rubuta a ƙarƙashin bidiyon abin da ya yi wa mahaifina, da sunan garinmu. Cikin awa ɗaya ya goge, ya toshe lambarta. Tun daga ranar duk matar da ta zauna a bencin shagona sai ta ji labarin nan kafin in auna ta.