Ɗakin Baƙon Kawu Labbo

Ku da kuka san Kawu Labbo, ƙanen mahaifiyata, kun san ba a gama gaisawa da shi sai ya tambayi kuɗin Nijar. Ka ce, "Ina kwana, Kawu?" Ya ce, "Lahiya lau. Sefa ta hau ko ta sauka?" Har wajen ta'aziyya na ga ya matsa kusa da wani mutumin Maraɗi, ana shafa fatiha ya raɗa masa tambayar nan. Kunya kamar in nutse!

Dalili kuwa, yana da ɗaki guda a gidansa na bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda, wanda ya ware wa 'yan yawon buɗe ido daga ƙasashen waje. A Ƙaura fa! Lissafinsa shi ne, duk ranar da naira ta faɗi, komai namu ya yi wa baƙo araha, dole ya zo. Saboda haka idan gari ya ɗauki kukan tsada, shi sai ya sayo farar ƙasa ya shafe ɗakin yana murmushi.

Matarsa, Inna Hajo, ta ce, "Malam, mutane na gudun hanya, wa za ya zaka?"

Ya ce, "Hanya ciwo ta, tana warkewa. Ke dai share ɗakin ga."

'Yan makarantar kimiyya sun zo neman haya, ya hana. Surukinsa ya zo daga Moriki, a zaure ya kwana, sauro ya yi biki.

Wata rana sai ga wani dogo fari da rawani yana neman masauki. Kai! Kawu ya yanka zakara, ya shimfiɗa sabon zanen gado. Sai da mutumin ya suɗe ƙashi sannan ya ce shi daga Jangeru yake, nan cikin ƙasarmu, raƙuminsa ya ɓata. Muka kwashe da dariya. Kawu ko gezau, ya ce, "Jangeru ai bakin iyaka ta. Rabin baƙon waje na, ku ba shi rabin gadon."

Da ciwo ya kwantar da shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Kak ku zuba gero cikin ɗakin ga." Na amsa, amma bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka yanke cewa da kaka ɗakin zai zama wurin ajiyar hatsi. Raina ya ɓaci.

Ana cikin yankan gero wata mota mai lambar Nijar ta tsaya a ƙofar gida. Wani dattijo ya fito da jikokinsa. Ya ce yana saurayi a nan ya fara hawan jirgi zuwa cin rani, yana so yaran su ga inda layin dogo ya ƙare.

Ya ce, "Bana sefa ta yi ƙarhi, munka ce mu zaka. An ce nan akwai ɗakin baƙi?"

Inna Hajo ta kwance makulli daga bakin zanenta, tana dariya hawaye na zuba. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Har yau ba a zuba ko zangarniya ɗaya a ɗakin ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Labbo. Ya Allah, ya daɗe yana gyara wa baƙo wuri, yau shi ne baƙonKa. Ka ba shi masauki mai kyau.