Tabon Da Ba Nata Ba

Ƙanwata mintsini gare ta, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Shekara talatin tana ɗinki a shagon bakin titi, duk yaron da ya taɓa mata almakashi sai ya tafi da shaida a cinya. "Gobe ma ka taɓa," in ji ta.

Shi ya sa da tabo ya fito a jikin jikarta, ba wanda ya tsaya tambaya.

Yarinyar shekararta shida. Ta yi zazzaɓi da mura ta warke, har ta koma makaranta. Bayan mako uku uwarta ta tuɓe ta za ta yi mata wanka, sai ga shuɗin tabo biyu a cinya.

"Inna, har wadda ta tashi daga ciwo?" in ji uwar.

Ƙanwata ta duƙa ta duba. "Wannan ba nawa ba ne. Na san faɗin yatsuna."

"To na wa ne? Na aljanu?"

Aka hana yarinyar zuwa shago. Kwana huɗu ƙanwata na tsaye a kan maganarta, ba mai sauraro, har ni yayarta. A na biyar ta je gidan su yarinyar da biro, ta zagaye kowane tabo, ta ƙirga bakwai. Ta zaunar da yarinyar a tsakar ɗaki, ta koma bakin ƙofa ta naɗe hannu.

"Yaya, ke ce shaida. Ƙawata, kar ki motsa."

Rana tsaka ce, taga a buɗe. Fanka kaɗai ke motsi. Yarinyar na zaune shiru, idanunta jajir, leɓenta a tsage, jikinta ya sake ɗaukar zafi. Da aka yi la'asar muka ɗaga rigar. Tara. Biyu ba da'ira, kamar wani ya bi ta bayanmu ya kama ta. Ƙafafunta sun cika da ɗige-ɗige ja kamar bakin allura. Ta yi mana murmushi, jini a haƙoranta.

A asibiti likita ta ce ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sun yi ƙasa sosai. Ciwon farko ya tafi, amma garkuwar jikin ba ta daina faɗa ba, ta juya kan mai ita. Ta tambaya wa ya zagaye tabon da biro. Uwar ta nuna ƙanwata, ba ta ɗago kai ba.

Yarinyar ta yi kwana goma sha ɗaya a kwance, ta tashi.

Ƙanwata ba ta daina mintsini ba. Ba ta kuma nemi a ba ta haƙuri ba. Amma har ta rasu akwai biro ɗaure da zare a jikin keken ɗinkinta, kuma duk uwar da ta kawo ɗinki sai ta ji wannan:

"In yaro ya tashi daga zazzaɓi, ki riƙa ɗaga rigarsa da rana. Kin ga tabo, zagaye shi ki kai shi asibiti. Ni ki zage ni daga baya, ina nan."